Kilomita 18 a Bakin Tafki: Wa Ke da Ikon Zaɓar Inda Hanyar Keke Za Ta Bi?

A gabashin birnin Seattle, a jihar Washinton ta Amurka, akwai wani tafki mai suna Sammamish. A gaɓarsa ta gabas akwai tsohon layin dogo mai tsawon mil 11, kusan kilomita 18, wanda ya taso daga garin Redmond, ya ratsa garin Sammamish, ya dire a Issaquah. Gundumar King ta mallaki layin a 1998 da niyyar mayar da shi hanyar masu tafiya a ƙafa da masu keke, amma ba a gama shimfiɗa kwalta a ɓangarensa na ƙarshe ba sai a watan Oktoba na 2023. Shekara 25 ke nan a kan aikin da ba dutse za a fasa ba, ba babban kogi za a haye ba, ƙasar ma tun ƙarni na 19 aka baje ta aka daddaɓe saboda jirgi. Gardama ce ta cinye shekarun, gardama a kan tambayar da ke tasowa duk inda irin wannan hanya ta zo ratsa garin da ke gefen babban birni: ta ina za ta bi, kuma wa ke da ta cewa? Matsayina shi ne akwai abu guda da bai kamata a sa shi a ciniki ba, wato hanyar ta kasance a haɗe kuma nesa da motoci daga farkonta har ƙarshenta. Duk abin da ya rage, faɗinta da shinge da mashiga da magudanar ruwa da diyya, abin zama ne da maƙwabta, a saurare su da gaske, a kuma biya abin da ya wajaba a biya.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane dalilin da ya sa galibin waɗannan hanyoyi ke bin sawun jirgin ƙasa. A 1916 layin dogon Amurka ya kai ƙololuwarsa, kimanin mil dubu 254, yau kuwa abin da ke aiki wajen mil dubu 140 ne. Mota da babbar hanya da jirgin sama sun kwashe fasinja da kaya, kamfanoni suka riƙa watsar da rassan da ba sa kawo riba, abin ya ƙara sauri bayan dokar Staggers ta 1980 ta sassauta musu ƙa'idoji. Tun a 1963 wata masaniyar tsirrai, May Theilgaard Watts, ta rubuta wa jaridar Chicago Tribune wasiƙa tana kira da a mayar da wani layi da aka daina bi a garuruwan yammacin Chicago ya zama hanyar ƙafa, kuma daga wannan kira aka samu hanyar Illinois Prairie Path. Sai dai akwai tarko a cikin doka. Da yawa daga filayen da dogo ya bi, kamfanonin ba su saye su saye na mallaka ba. Haƙƙin wucewa kawai aka ba su, wanda ke mutuwa ranar da aka ce an bar layin, ƙasar ta koma hannun masu filayen da ke gefe. Layi ɗaya miƙaƙƙe sai ya tsinke ya zama ɗaruruwan gutsattsari, kowanne da mai shi. Wanda ya san abin da ke faruwa da burtali idan manomi ɗaya ya nome tsakiyarsa ya san wannan matsala: ragowar na nan, amma garke ba ya wucewa, kuma maido da shi sai an sha wahala. Shi ya sa a 1983 majalisar dokokin Amurka ta yi wa dokar hanyoyin ƙafa ta 1968 gyara, ta ƙirƙiro ajiyar layin dogo. A ƙarƙashin wannan tsari, idan wata hukuma ko ƙungiya ta karɓi layin ta ɗauki nauyinsa, doka ba ta ɗaukarsa a matsayin wanda aka watsar. Yana nan a ajiye don jirgin da zai iya dawowa wata rana, kafin nan kuma jama'a su yi tafiya a kansa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccin wannan doka a 1990 a shari'ar Preseault, kuma da ita aka riƙe layin bakin tafkin Sammamish.

Zaɓen layi ya fi nauyi a garuruwan gefen birni fiye da a cikin tsohon birni, saboda yadda aka tsara su. Tsofaffin unguwannin Seattle ko Chicago tituna ne a jere suna ratsa juna, in wannan ya cushe ka bi na bayansa. Garuruwan da suka bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa cike suke da lunguna masu lanƙwasa da ba sa ɓullewa, dukkansu suna zubewa cikin manyan tituna 'yan kaɗan inda motoci ke gudu. Da gangan aka yi haka, don a hana baƙuwar mota ratsa unguwa, amma sakamakon shi ne yaron da makarantarsa ke bayan katangar gidansu sai an sa shi a mota an zagaya da shi. A irin wannan gari wuraren da suka rage a miƙe ba tare da yankewa ba ba su da yawa: gaɓar kogi, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, tsohon layin dogo, sai gefen babban titi. A Sammamish lamarin ya ƙara matsewa, domin garin a kan tudu yake, gangare mai tsauri ya sauko zuwa ruwa, kuma a siririyar ƙasar da ke tsakanin gangaren da tafkin abubuwa biyu ne kaɗai ke tafiya daga arewa zuwa kudu, titin mota da layin jirgi. Saboda haka duk wanda ya ce a kauce wa layin dogon a nemi wata hanya, ko ya faɗa ko bai faɗa ba, gefen titin mota yake nufi. Masu adawa da aikin ma abin da suka ba da shawara ke nan a wuraren da layin ya matso gidajensu.

A kan takarda wannan sauyi ƙarami ne, 'yan mitoci kawai zuwa gabas. A ƙasa kuwa yana canja mutanen da za su iya amfani da hanyar. Roger Geller, jami'in da ke kula da sha'anin kekuna a birnin Portland, ya kasa mutanen birninsa gida huɗu wajen shekarar 2006. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 za su hau keke a kowane irin titi ba tsoro, wajen kashi 7 za su hau idan an ja musu layi a gefen kwalta, wajen kashi 33 ba za su hau ba ko me aka yi, sai kashi 60 da ke so amma tsoron mota ya hana su. Ƙiyasi ne daga gogewarsa, amma binciken da Jennifer Dill ta jami'ar Portland State ta yi daga baya ya nuna cewa lallai masu so amma suna tsoro su ne mafiya yawa. Tsoron nasu kuma yana da tushe. Wani bincike da Brian Tefft ya yi wa gidauniyar AAA a 2011 ya nuna cewa mai tafiya a ƙafa da mota ta buge tana gudun kilomita 37 a awa yana da haɗarin mutuwa na kashi 10 cikin 100, idan gudun ya kai kilomita 68 haɗarin ya zama kashi 50. Ga kuma ƙofofin gidaje da mararraba, inda direba mai fitowa ke duban motoci ba ya duban yaro a kan keke. Ga hawa da gangara, alhali layin jirgi a shimfiɗe yake domin jirgi ba ya son tudu, abin da ya dace da tsoho da mai keken guragu da uwa mai tura jariri. Iyaye ba sa auna hanya da matsakaicin amincinta. Suna tuna wurin da ya fi haɗari a cikinta, kuma da wannan wurin suke yanke hukunci ko yaro zai fita ko ba zai fita ba. Idan aka karkatar da rabin kilomita zuwa gefen titi, waɗancan kashi 60 sun rasa duk tafiyar da ke bi ta wurin, ba rabin kilomita kaɗai ba. Masu tseren keke da kayan wasanni ba su yi asarar komai ba, dama a titi suke tafiya. Waɗanda aka ce don su ake kashe kuɗin jama'a su ne za a bari a gida.

To amma masu gidajen bakin tafkin ba mutanen banza ba ne da za a yi watsi da kukansu, kuma hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta mallaka. A wurare da dama layin ya raba fili gida biyu, gida a wannan gefe, bakin ruwa da wurin ɗaure kwalekwale a wancan. A shekarun ƙarshe jirgin kaya jefi-jefi yake wucewa, ya tafi a hankali, shiru ya dawo. Bambancin wannan da dubban baƙi masu wucewa ta gaban tagarka daga asuba zuwa magariba ba ƙarami ba ne, kuma duk wanda ya musanta haka bai yi adalci ba. Suna kuma da tambaya ta shari'a mai nauyi: idan kakanninmu haƙƙin wucewar jirgi suka bayar, da wane dalili gwamnati za ta mayar da shi wurin yawon jama'a ba tare da ta tambaye mu ba? Kotunan Amurka ba su raina wannan tambaya ba. A 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke wa iyalan Preseault na jihar Vermont hukuncin cewa mayar da layin hanyar ƙafa ƙwace ne da ya wajaba a biya diyyarsa. A 2014, a shari'ar Brandt, alƙalai 8 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka ce filayen da aka ba kamfanoni a ƙarƙashin dokar 1875 haƙƙin wucewa ne kawai. A kan wani layin na gundumar King ɗin, wanda ya bi ta Bellevue da Kirkland, sulhun da gwamnatin tarayya ta yi da masu filaye ya haura dala miliyan 100. Wannan kuɗi ne mai yawa, kuma masu son hanyoyin keke su daina magana kamar layin dogo kyauta ake samunsa. Amma a lura da abin da kotunan suka bayar: diyya suka bayar, ba ikon tsinke layin ba. Haka ake yi wa mai filin da babbar hanya ko bututun ruwa ya bi ta gonarsa, kuma ban ga dalilin da zai sa hanyar mai ƙafa ta zama ƙasa da ta mai mota a idon doka ba. Wajibi ne kuma a raba tsakanin wanda aka taɓa haƙƙinsa da wanda ya faɗaɗa lambunsa ko wurin ajiye motarsa zuwa cikin filin dogo tun jirgi na raguwa, ya saba, har ya ɗauka nasa ne. Na farko a biya shi cikakke kuma da wuri. Na biyu a ba shi lokaci da mutunci ya janye shingensa. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta tara ta tabbatar da haƙƙin gundumar a kan filin layin Sammamish a ƙarar da wasu masu gidaje suka shigar.

Hujja ta biyu ta siyasa ce, kuma ita ce zuciyar lamarin. Sammamish ya zama gari mai majalisarsa a 1999, shekara guda bayan gundumar ta mallaki layin, don haka izinin gini a ɓangaren tsakiya, wanda shi ne mafi tsawo, ya koma hannunsa. A ƙidayar 2020 mutanen garin sun haura dubu 67. Me zai hana su yanke wa kansu abin da za a gina a cikin iyakarsu, tunda su za su zauna da shi? Amsar tana cikin yadda riba da wahala suka rabu. Wahalar ta taru a kan gidaje 'yan ɗaruruwa da suka san juna, suna da kuɗin ɗaukar lauya, kuma ba sa fashin zaman majalisa. Ribar ta warwatsu a kan mutane masu yawan gaske, a garin da wajensa, waɗanda akasarinsu ba su ma san ana taron ba, wasunsu yara ne, wasu ba a haife su ba lokacin da aka fara gardamar. Idan aka ba kowane gari ikon kawar da layin daga inda ya fi dacewa, to a kullum muryar farko ce za ta yi rinjaye, kuma hanyar da ta ratsa garuruwa da dama ba za ta taɓa haɗuwa ba. Wannan layi guntu ne na wata doguwar hanya mai mil 44, kusan kilomita 70, daga unguwar Ballard a Seattle zuwa Issaquah. A can ƙarshen Ballard ɗin akwai misalin abin da giɓi ke jawowa. Hanyar Burke-Gilman, wadda aka buɗe ɓangarenta na farko a 1978, tana da wani yanki na mil 1.4 da ba a haɗa ba. Majalisar birnin ta zaɓi layinsa tun 2003, kamfanonin bakin ruwa suka kai ƙara, aka kwashe shekara fiye da 20 ana ja-in-ja, masu keke kuma suna ta faɗuwa a inda tayarsu ke maƙalewa a ƙarfen dogo. A Sammamish kotun tarayya ce ta warware ƙullin a 2005, da ta ce dokokin garin ba za su iya tilasta a kai hanyar wani wuri dabam ba tunda layin na ƙarƙashin ajiyar tarayya. A 2006 aka buɗe hanyar wucin gadi ta tsakuwa daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Wannan ba ya nufin gari ba shi da ta cewa. Yana da ita, kuma mai yawa, a kan ruwan sama da zai gangaro daga kwalta, da bishiyoyin da za a sare, da yadda mai gida zai tsallaka zuwa bakin ruwansa, da inda baƙi za su ajiye mota. Ko a nan ma akwai iyaka. A 2017 garin da gundumar sun je kotun tarayya a kan allon tsayawa a wasu ƙananan mararraba, ko mai mota ne zai tsaya ko mai bin hanyar, kotu kuma ta goyi bayan gundumar. Za a iya ganin abin ƙarami ne, amma ba ƙarami ba ne. Hanyar da ke tsayar da mai keke a kowace ƙofar gida tana koya masa raina allon, sai ya raina shi har a mararrabar da ke da haɗari na gaske. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce ɓangaren da ya fi ƙarancin zirga-zirga shi ke tsayawa, kuma lungun da ke kaiwa gidaje kaɗan bai kai hanyar da ta haɗa garuruwa uku cika ba.

Tsoron ɓarayi da faɗuwar darajar gidaje, wanda ake ji a kusan kowane irin wannan taro, shi ne mafi raunin hujjojin. Tun a 1987 hukumar birnin Seattle ta bincika tasirin Burke-Gilman, ta ga fasa gidaje bai ƙaru ba, gidajen da ke kusa da hanyar sun ɗan fi tsada, waɗanda ke manne da ita kuma darajarsu ba ta faɗi ba. A Indiana, Greg Lindsey da abokan aikinsa sun gano a 2004 cewa gidajen da ke kusa da hanyar Monon a Indianapolis sun fi makamantansu tsada da wajen kashi 11 cikin 100, amma ba su ga irin wannan ƙari a sauran hanyoyin birnin ba, don haka kada a yi wa kowa alkawarin arziki. Garin Carmel da ke arewa da Indianapolis ya sha irin adawar Sammamish a shekarun 1990, lokacin da magajin garin Jim Brainard ya dage sai an miƙa Monon ta cikinsa, har sai da aka bi masu filaye ɗaya bayan ɗaya. Yau sabuwar tsakiyar garin a jikin hanyar aka gina ta, kuma a 2019 aka faɗaɗa wani ɓangarenta saboda ta yi wa jama'a kaɗan.

Kukan da ya fi wannan cancantar a tsaya a kansa shi ne na muhalli da faɗi. Hanyar dindindin a Sammamish kwalta ce mai faɗin ƙafa 12, kusan mita 3.7, da kafaɗar tsakuwa a kowane gefe. Don a samu wannan faɗi an sare bishiyoyi, an gina bangon tare ƙasa, an taɓa fadamu. Wasu da ba su da gida a bakin ruwa ma sun fi son tsohuwar tsakuwar, mai shiru da inuwa. Ina ganin asarar gaskiya ce, amma matse hanyar ba ya maganinta. Siririyar hanya mai cunkoso ita ce ke haɗa mai gudu da keke da tsohuwa mai sanda, kuma dokar gudun mil 15 a awa da gundumar ta sa ba ta isa ita kaɗai ba, balle yanzu da kekunan lantarki suka yawaita. Tsakuwa kuma tana korar mai keken guragu da mai zuwa aiki a damina. Abin da ya dace shi ne layin ya ɗan jirga hagu ko dama a cikin filin dogon don a tsirar da babbar bishiya ko fadama, a kuma yi amfani da damar aikin a gyara ɓarnar da jirgi ya bari. An yi wani abu mai kama da haka. Tafkin na da wani kifi jinsin salmon mai suna kokanee, wanda ba ya zuwa teku, yana hawa ƙananan rafuka ya yi ƙwai, kuma yawansa ya ragu ƙwarai. Tsofaffin kwalbatocin da ke ƙarƙashin dogon suna cikin abubuwan da ke tare masa hanya, aikin kuma ya musanya wasunsu da manya da kifi zai iya wucewa.

Akwai tambayar da masu goyon bayan aikin ba su cika son ji ba: wa hanyar ke yi wa hidima? Yawancin mutanen Sammamish a kan tudu suke, kuma wanda zai sauko bakin tafki da keke sai ya bi titi mai gangare da motoci, in ya dawo ya hau shi. Da yawa sai su ɗora keken a mota su sauko, wanda ya mayar da hanyar wurin shaƙatawa maimakon hanyar zuwa aiki ko makaranta. Hanyar yanki ba ta cika amfaninta sai unguwanni sun sami ƙananan mashigai zuwa gare ta, ɗan tsallake daga ƙarshen lungu, gefen titi mai kariya, mararraba mai fitila. Wannan aikin gari ne, ba na gunduma ba, kuma a nan ne ya kamata ƙarfin da aka kashe a kotu ya tafi. Muhimmancinsa ya ƙaru a 2025, da jirgin lantarki na cikin gari ya isa tsakiyar Redmond da tasha kusa da filin Marymoor, dab da ƙarshen hanyar na arewa. Sannan ga maganar adalci tsakanin yankuna. Sammamish na cikin garuruwan da suka fi kowa samun kuɗi a Amurka, yana tsakanin hedkwatar Microsoft a Redmond da ta Costco a Issaquah, alhali a kudancin gundumar, inda masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa, hanyar mil 16 da aka tsara daga Renton ta Tukwila zuwa Des Moines gutsure-gutsure ake gina ta. Ana iya cewa buɗe gaɓar da a da masu kuɗi kaɗai ke gani shi ma adalci ne, kuma haka ne. Amma kowace shekara ta shari'a tana ƙara tsadar aiki, kuma baitulmali ɗaya ne.

Darasin da garuruwan da ke maƙwabtaka suka ɗauka shi ne na saurin kama ƙasa. A 2012 garin Kirkland ya sayi mil 5.75 na layin dogon da ya ratsa shi a kan dala miliyan 5, ya cire ƙarafan, ya zuba tsakuwa, ya buɗe wa jama'a a 2015. Da zarar mutane sun fara bi, masu cin moriyar da a da ba su da fuska sun zama maƙwabta masu suna da ƙuri'a, kuma layin ba ya zama kango da kowa zai ɗan ci gefensa. Sai dai wannan nasara na ɗauke da gwajinta. A Kirkland ɗin, da aka kawo maganar sa motocin haya ko jirgi a gefen hanyar, masu tafiya a kanta suna cikin waɗanda suka tashi da adawa. A jihar Maryland abin ya fi fitowa fili. Gundumar Montgomery ta sayi reshen dogo na Georgetown a 1988 a ƙarƙashin dokar ajiya, da niyyar sufuri da hanyar ƙafa tare, aka zuba tsakuwa tsakanin Bethesda da Silver Spring na wucin gadi. Da lokacin gina jirgin Purple Line ya zo, wata ƙungiyar masoya hanyar ce ta kai ƙara a 2014, aka jinkirta aikin har 2017, duk da cewa tsarin ya ƙunshi sake gina hanyar da kwalta a gefen jirgin har cikin Silver Spring. Bishiyoyin da suka yi kuka a kansu an sare su da gaske, kuma rufe hanyar na shekaru ya cutar da masu bin ta. Amma hujjar da aka kafa wa masu gidajen Sammamish, cewa layi miƙaƙƙe dukiyar yanki ce da ba a barin na kusa ya tsinke ta don jin daɗinsa, ita ce ke hawa kan mai keke ranar da ma'aikacin da ba shi da mota ya buƙaci jirgi a kan layin. Da sunan jirgin da zai dawo aka hana ƙasar komawa hannun masu filaye, don haka duk garin da ke tsara irin wannan hanya ya kamata ya nuna a taswirarsa ta farko inda jirgin zai bi idan ya dawo, ya kuma faɗa wa jama'a haka tun kafin a zuba tsakuwa.